Na Hana Siyasa a Zauren Marubuta, Yanzu Ana Cewa Na Yi Danniya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da wani zauren WhatsApp na marubuta a nan Zariya, masu rubuta ƙasidun noma da na lafiya da takardun bayanin yadda ake amfani da kaya, da masu fassara su zuwa Hausa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 zauren ya koma filin daga, har dattawa biyu da muke ƙaruwa da su suka fice. Sai na kafa doka cewa ba siyasa. Makon jiya wani ya tambayi yadda zai rubuta bayanin waken nan SAMPEA 20-T a ƙasidar manoma, nan take musu ya ɓarke kan GMO, wato irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, ni kuwa na goge tambayar da duk abin da ya biyo bayanta. Yanzu zauren ya yi tsit, ana cewa na yi danniya. Wallahi tsoro nake ji kada ya mutu a hannuna. Yaya zan yi? Daga wata 'yar'uwa a Tudun Wada.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malama. Ki kwantar da hankalinki, zaure bai mutu ba tunda har akwai masu jin haushi. Dokar da kika kafa daidai ce. Wanda yake son ya yabi gwaninsa ko ya zagi na wani, ga majalisar mai shayi nan, ga Facebook. Mutum ya shigo neman kalmar da zai fassara gargaɗin kwalbar magani da ita, bai kamata ya tarar da saƙo ɗari kan zaɓe ba. Kada ki janye wannan dokar.

Goge tambayar waken nan kuwa kuskure ne, kuma kuskuren da nake cin karo da shi kusan kullum a wannan sana'a, shi ya sa zan daɗe a kansa. Mutanenmu sun ɗauka duk maganar da ta ambaci hukuma, ko ta jawo musu, to siyasa ce. Da wannan fahimtar ake binne bayanin da ran mutum ko nomansa na shekara ya rataya a kai, kuma mai binnewar yana ganin zaman lafiya yake nema.

Dubi abin da ɗan'uwan nan yake bukata. SAMPEA 20-T a nan Samaru aka yi aikinsa, a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, aka fitar da shi ga manoma a ƙarshen 2019 bayan amincewar NBMA, hukumar tarayya mai sa ido kan irin da aka sauya wa ƙwayar halitta. An sa masa ƙwayar halitta daga wata ƙwayar cutar ƙasa da ake kira Bt, don ya jure wa tsutsar Maruca mai cin fure da kwanson wake. A cikin ƙwari, ita kaɗai yake jure wa. Darɓa tana nan, ƙwarin da ke tsotse kwanso suna nan, ƙwaron da ke huda wake a rumbu ma bai san da zamansa ba. Saboda haka feshin da ake yi sau shida zuwa takwas ya ragu zuwa kamar sau biyu, ba a daina shi ba. To idan marubucin nan bai sami inda zai tantance wannan da abokan aikinsa ba, me zai rubuta? Ko dai ya kwafo maganar 'yan talla cewa waken ba ya bukatar feshi, manomin Giwa ko Soba ya yi asarar daminarsa, ko kuma ya ɓoye cewa an sauya wa irin ƙwayar halitta don gudun surutu. Ranar da manomi ya ji haka daga bakin wani, ba zai sake yarda da ƙasidarmu ba, ko da kan tazarar shuka ce.

Haka batun masarar TELA da aka fitar a 2024. Ana yawo da saƙon murya cewa an yi ta ne yadda ba za a iya sake shuka ta ba, don a mai da manomi bawa. Abin da ke akwai shi ne iri ne mai aure, kuma duk masara mai aure, ko an taɓa ƙwayar halittarta ko ba a taɓa ba, idan ka ajiye ka sake shukawa amfaninta raguwa yake yi. Malaman gona sun daɗe suna faɗin haka tun kafin a ji sunan GMO a ƙasar nan. Wannan jimla ɗaya ce a ƙasida. Amma wa zai rubuta ta idan an hana tattauna ta?

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, shirunmu ba ya sa kowa shiru. Mutumin da bai taɓa leƙa gonar gwaji ba zai ɗauki waya ya yi minti goma yana zuba shaci-faɗi, ya laƙa wa kansa dakta, kafin la'asar maganar ta kai Makarfi. Mu da muka san abin muna zaune muna cewa a bar maganar, siyasa ce. Mun ga inda irin wannan ta kai mu. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano kan jita-jitar cewa yana hana haihuwa, ba a koma ba sai tsakiyar 2004, kuma cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Ba ina cewa tsoron mutane ba shi da tushe ba. Gwajin maganin sanƙarau da wani kamfanin Amurka ya yi wa yara a Kano a 1996 ya bar tabo a zukata, kuma marubucin lafiya da bai san wannan tarihin ba, ba zai iya rubuta takardar rigakafin da uwa za ta gamsu da ita ba. Ke nan ambaton 1996 a zaurenku aiki ne, matuƙar manufar a gyara takarda ce.

Kuma ba a waya kaɗai ake wannan ba, a ofis ma haka ne. Na taɓa rubuta ƙasida kan ajiyar wake, na sa gargaɗi ƙarara cewa kada a zuba masa maganin ƙwari mai sinadarin DDVP, na kawo cewa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015 saboda shi, na nuna amfani da buhun PICS mai hawa uku wanda ke kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska. Wani jami'i ya ja jan biro a kan layin Turai, wai zai kunyata gwamnati, wai siyasa ce. Takardar ta yi wata da watanni a kan teburinsa har kaka ta wuce, aka ɗura wake a buhu babu ita. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci, don 'ya'yan mutane ne suke cin waken nan.

Ma'aunin da nake amfani da shi ba wuya. In an kawo magana, ki tambaya: amsar wannan za ta sauya wani abu a takardar da ake rubutawa? Mai rubuta jagorar mitar wuta dole ya san cewa a Afrilun 2024 an mayar da kuɗin Band A, rukunin da aka fi ba wuta, naira 225 kan kowane yunit kafin a sake sauya shi daga baya, kuma alkawarin rukunin aƙalla awa 20 ne a rana. Wannan zai shiga lissafin da zai yi wa mai karatu, sai a bar shi. Wane ne ya cuce mu, wa za mu kayar, ba zai sauya ko waƙafi ba, sai a fita da shi. A musun GMO ɗin ma akwai mai tambayar wa ke riƙe da iri da nawa manomi zai saya, wannan tambaya ce ta gaskiya kuma masana kansu suna saɓani a kai. Ki ce masa ya kawo hujjarsa da inda ya samo ta. Wanda ya ce duk mai goyon baya ɗan koren Turawa ne, ko duk mai suka jahili ne, saƙonsa shi kaɗai za ki goge, ki bi shi ta gefe ki gaya masa dalili. Kuma ki auna kowa da mudu ɗaya. Idan aka lura kina kau da kai ga 'yan ɓangarenki, dokar ta tashi aiki.

Mu ji tsoron Allah a wannan aiki. Zariya ce garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma tun lokacin Yaƙi da Jahilci talaka ya saba cewa abin da ya gani a rubuce da Hausa an tantance shi. Manomin da ya sa ɗansa ya karanta masa ƙasidarmu a gindin bishiya ba ya tambayar jam'iyyarmu, amana ya ba mu. Wanda ya cusa ra'ayin gwaninsa a ciki ya ci amanar nan, wanda ya cire gargaɗi don tsoron a ce ya yi siyasa shi ma ya ci ta, kuma za a tambaye mu.

Yau ɗin nan ki rubuta a zauren cewa kin yi gaggawa, ki roƙi mai tambayar ya sake turo ta, ki nemi wani daga cikinku da ke aiki da malaman gona a Samaru ya fara amsawa. Dattawan nan biyu kuwa kada ki tura musu saƙo. Ki sami wani babba a cikinku ku je har gida ku gaishe su, ki nuna musu dokar, ki nemi su gyara miki ita kafin ki mayar da su.