Kada ki je ba ta haƙuri, kada kuma ki ajiye aiki

Tambaya: 'Yar Jos ce ni, ina aikin kula da tsofaffi a Birmingham, kamfanin ne ya ɗauki nauyin bizata. Wata abokiyar aiki ta kai ƙara cewa na yi mata tsawa a bainar jama'a. An dakatar da ni, za a yi bincike. Baba ya ce in samu wani babba ya raka ni gidanta mu ba ta haƙuri, ko in ajiye aikin kafin a kore ni.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya kawo miki mafita. Da a Unguwar Rogo abin ya faru, maganar Baba ita ce daidai: manya su shiga tsakani, a yafi juna, a wuce wurin. A Ingila kuwa, zuwa gidan wadda ta kai ƙara ana tsakiyar bincike ana iya ɗaukarsa a matsayin matsa mata lamba, ya zama sabon laifi da ya fi na farko nauyi. Kada ki kira ta, kada ki tura saƙon WhatsApp, kada ki aiki kowa, ko da niyyarki alheri ce.

Batun ajiye aiki ya fi damuna. Bizarki a ɗaure take da wannan kamfani. Da zarar kin tafi, dole su sanar da ma'aikatar cikin gida, ita kuma yawanci takan rage wa'adin zaman mutum zuwa kwana 60. Me zai sa ki yanke wa kanki hukuncin da ba a yanke miki ba tukuna? Dakatarwa ba ta nufin an same ki da laifi, kuma a ƙa'ida albashinki yana ci gaba.

Ki nemi a rubuto miki ainihin zargin, tare da dokokin ladabtarwa na kamfanin. Tun yau ki rubuta abin da ya faru, rana da lokaci da waɗanda ke wurin, kafin mantuwa ta shigo. A zaman bincike doka ba ta tilasta musu barin wani ya raka ki ba, amma ki roƙa. In aka kai ga zaman ladabtarwa, dokar hulɗar ma'aikata ta 1999 ta ba ki damar zuwa da abokin aiki ko wakilin ƙungiyar ƙwadago, kuma in bai samu dama ba za ki iya neman ɗagawa har zuwa ranakun aiki 5. Kada ki sa hannu a bayanan zama sai kin karanta kin gyara. Hukunci in ya fito, kina da damar ɗaukaka ƙara.

Idan kina da shaida cewa launin fata ko addini na cikin lamarin, ki faɗa a rubuce, dokar daidaito ta 2010 ta kare ki. Ki kira hukumar Acas, mai sasanta rikicin ma'aikata da masu ɗaukarsu aiki, don shawara, in kuma kina cikin ƙungiyar ƙwadago irin Unison, ki sanar da wakilinku a yau.

Baba kuwa, ki yi masa bayani cikin ladabi, ki ce ya dafa miki da addu'a.