Tambaya da Amsa: Kwana Biyar Za Su Isa Ziyarar Zanzibar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni 'yar kasuwa ce, ina zaune a Aboabo, ina da shagon atamfa a Kejetia. Ni da maigidana mun daɗe muna tara 'yan kuɗi domin mu je tsibirin Zanzibar mu huta, amma ba za mu iya barin shago fiye da kwana biyar ba. Mun ga farashin otal yana sauka a watan Afrilu, shi ya sa muke so mu tafi a lokacin. Shin kwanakin za su isa, kuma yaya ya kamata mu tsara su? Daga wata Hajiya a Kumasi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa albarka a kasuwa, ya kuma sa a yi tafiyar nan lafiya. Kwana biyar za su isa, amma da sharaɗin ku san tun daga gida cewa ba duka biyar ɗin ne naku ba, domin hanya za ta ci biyu. Babu jirgin da yake tashi daga Accra ya sauka Zanzibar kai tsaye, dole a yada zango, kuma hanyoyin da mutanenmu suka fi bi su ne ta Addis Ababa da jirgin Ethiopian Airlines, ko ta Nairobi da Kenya Airways. Daga Accra zuwa kowane ɗaya daga cikin biranen nan biyu tafiyar kusan awa 6 ce a sama, sannan ga zaman jiran jirgi na biyu, wanda wani lokaci yakan fi tafiyar kanta tsawo, ga kuma agogon Tanzaniya, ƙasar da Zanzibar take ciki, da yake gaba da namu da awa 3. Ku kuma da kuke Kumasi sai kun fara sauka Accra tukuna. A nan shawarata ita ce ku biya kuɗin jirgi daga filin jirgin Prempeh na Ɗaya da ke Kumasi, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, ko kuma ku shiga mota tun ana gobe ku kwana a Accra. Kada ku dogara ga motar safiyar ranar tafiya, domin kowa ya san halin cunkoson hanyar Nsawam, jirgi kuwa ba ya jiran kowa. Idan za ku iya roƙon ƙarin kwana biyu daga wanda zai riƙe muku shago, ku roƙa, domin kuɗin tikitin ɗaya ne ko kwana biyar kuka yi ko bakwai.

Maganar Afrilu kuwa, Hajiya, ban ba ku goyon baya ba. Ba banza otal-otal suke sauke farashi a wannan wata ba. Babbar daminarsu, wadda suke kira Masika, tana kamawa daga Maris zuwa Mayu, kuma a Afrilu ne ruwan ya fi tsanani, har wasu masaukai na bakin teku sukan rufe su yi gyare-gyare. Wanda zai yi wata guda yana iya jure kwana biyu na ruwa, amma mai kwana uku kacal, idan hadari ya kama biyu, tafiyarsa ta tashi a zaman ɗaki. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Yuni zuwa Oktoba, lokacin rani da iska mai daɗi, sai Janairu da Fabrairu, waɗanda suke da zafi amma ba ruwa sosai. A Nuwamba da Disamba akwai ƙaramar damina, ruwanta yakan zuba ya ɗauke. Idan sauƙin farashi kuke nema, ku duba farkon Yuni ko watan Oktoba, ku guje wa Yuli da Agusta da ƙarshen Disamba, lokacin da Turawa suke cika ko'ina.

To, ga kwana uku a hannu. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya jera wurare goma a takarda, ya ƙare yana cikin mota daga safe zuwa dare, ya dawo gida da gajiyar da ta fi wadda ya tafi da ita. Masauki biyu sun ishe ku. Ku fara da tsohon birni, wanda ake kira Stone Town, domin yana kusa da filin jirgin Abeid Amani Karume, kuma yini ɗaya cikakke zai ba ku abin da kuka je gani. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Lunguna ne matsattsu waɗanda mota ba ta shiga yawancinsu, da gidajen dutse masu benaye, da manyan ƙofofin katako da aka yi wa sassaƙa, wasu da ƙusoshin tagulla jere a jikinsu, wasu da ayoyin Alƙur'ani a samansu. Ku ɗauki ɗan jagora mai takardar izini na awa biyu ko uku, ya kai ku tsohuwar ganuwa ta Ngome Kongwe, da wurin tsohuwar kasuwar bayi a Mkunazini, wadda aka rufe a 1873 aka gina coci a inda take. Wurin yana da nauyi a zuciya, musamman ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi, kuma duk wanda ya taɓa shiga kurkukun Elmina ko Cape Coast zai gane cewa gabashin Afirka ma ya sha irin wannan baƙin ciki. Ke da kike 'yar kasuwa, na tabbata kasuwar Darajani za ta riƙe ki: can za ki ga zannuwansu da ake kira kanga, masu rubutu a gefe, da kanumfari da kirfa da masoro, waɗanda tsibirin ya yi suna da su tun zamanin sarakunan Oman. Da magariba sai ku gangara lambun Forodhani da ke bakin ruwa, inda masu gasa kifi da masu matse rake suke kafa tebura. Ku tambayi farashi kafin a zuba muku, ku kuma zaɓi abin da aka gasa a gabanku.

Sauran kwana biyun ku yi su a bakin teku, kuma a nan akwai abin da hotunan talla ba sa nunawa. A gabashin tsibirin, irin su Paje da Jambiani da Matemwe, ruwa yakan janye ya yi nisa ƙwarai sau biyu a yini, har mutum ya fito daga ɗaki ya tarar da fili fetal na farin yashi da duwatsu, mata suna can nesa suna aikin gonakin ciyawar teku. Abin kallo ne mai kyau, amma wanda ya zo don ya shiga ruwa sai ya jira sa'o'i kafin ya dawo. A arewa, wato Nungwi da Kendwa, janyewar ba ta da yawa, kusan kowane lokaci ana iya shiga, kuma rana tana faɗuwa a gaban mutum. Ga mai ɗan gajeren lokaci, arewa nake zaɓa. Daga birni tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce a tasi. Akwai daladala, wato trotro ɗinsu, mai arha sosai, amma da kaya da ƙarancin lokaci gara ku yi ciniki da direba ɗaya tun kafin ku shiga. Ku lura kuma cewa su ta hagu suke tuƙi, saboda haka a duba dama da kyau kafin a tsallaka titi. Dajin Jozani mai jajayen birai da tsibirin Changuu mai manyan kunkuru duk wurare ne masu kyau, amma ku zaɓi ɗaya ko ku bar su gaba ɗaya. Idan za ku shiga kwalekwale, kada ku yarda ya tashi sai an ba kowannenku rigar kariya daga nutsewa.

TAMBAYA: Ni ina da fasfon Ghana, amma matata fasfon Nijar gare ta. Waɗanne takardu muke buƙata? Daga wani matashi a Nima, Accra.

AMSA: Ɗan'uwa, ka yi kyan kai da ka tambaya tun da wuri, domin hukuncinku ba ɗaya ba ne. Zanzibar ɓangare ce ta Tanzaniya tun haɗewarta da Tanganyika a Afrilun 1964, saboda haka dokar shiga Tanzaniya ce take aiki. Mai fasfon Ghana ba ya buƙatar biza don gajeriyar ziyara. Masu fasfon Nijar da Najeriya da Mali kuwa suna cikin waɗanda ba a ba su biza a filin jirgi, sai sun nema tun daga gida an amince musu, kuma amincewar takan ɗauki makonni. Wannan ya shafi gidaje da yawa a zangunanmu. Ka cika mata takardar neman bizar a shafin intanet na hukumar shige da fice ta Tanzaniya, kuma kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai amsa ta zo.

Ku duka biyun kuna buƙatar fasfo mai sauran aƙalla wata 6, da tikitin dawowa, da katin rigakafin cutar shawara, domin Ghana tana cikin ƙasashen da ake neman wannan kati daga matafiyansu. Wanda bai taɓa yin allurar ba ya yi ta aƙalla kwana 10 kafin tafiya, kuma sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Sannan tun daga 1 ga Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshora daga kamfanin inshorarta, wadda aka fara da dala 44 ga kowane babba, ko da mutum yana da wata inshorar daban. Ana biya ta intanet, sai a buga shaidar a riƙe. Game da kuɗi, sidi ba ta da amfani a can. Ku canza dala a nan, ku karɓi sababbin takardu marasa yagewa, domin 'yan canjinsu sukan ƙi tsofaffi, in kun isa sai ku mayar da su shilin ɗin Tanzaniya. Ku tambayi otal ko harajin kwana yana cikin farashin da aka faɗa muku. Kada ku sa kaya a baƙar leda, domin an hana shiga da ita ƙasar tun 2019.

TAMBAYA: Yaya batun salla da abinci, kuma ya dace a je a cikin azumi? Daga wani malamin makarantar allo a Madina.

AMSA: Allah ya gafarta Malam, ta wannan fuska hankalinka ya kwanta. Mafi yawan mutanen Zanzibar Musulmi ne, kuma a cikin tsohon birni ba ka yin nisa ba ka ga masallaci ba. Yawancinsu Shafi'awa ne, akwai kuma Ibadawa da 'yan Shi'a, saboda haka za ka ga ƙananan bambance-bambance da abin da aka saba a Malikiyya. Alƙiblarsu arewa take kallo, domin tsibirin yana kudu da Makka, don haka kada ka fuskanci gabas a ɗakin otal bisa sabo, ka tambayi ma'aikatan. A kudancin tsibirin, a Kizimkazi, akwai masallacin da rubutun jikinsa yake ɗauke da shekarar 500 bayan Hijira, wato 1107, kuma ya cancanci a je dominsa idan akwai lokaci.

Abincin cikin gari halal ne, shinkafar pilau da biriyani da kifi da miyar kwakwa. Manyan otal-otal na bakin teku kuwa suna sayar da giya, wasu har da naman alade, kuma shigar baƙi a wurin ba irin tamu ba ce. Mai tafiya da iyali ya rubuta musu ya tambaya kafin ya biya, ko ya nemi ƙaramin masauki na 'yan gari. A cikin Ramadan gidajen abinci da yawa na birni suna rufe da rana, gari kuma yana yin shiru sai bayan buɗa-baki. Ga mai son ganin yadda 'yan'uwanmu na can suke azumi da tarawihi, lokaci ne mai kyau. Wanda yake son yawo a rana da shiga teku kuwa, gara ya jira sai bayan ƙaramar Salla.