Gurup mai iskar gas a Maraɗi: a sami gas ɗin kafin a sayi inji

Wani Alhaji mai ɗakin sanyi na kifi da kaji da ƙanƙara a nan Maraɗi ya aiko da tambaya. Gurup ɗinsa, wato injin ba da wuta, na gazuwal mai ƙarfin kVA 100 ya tsufa, shan mai ya yi yawa. Wani dillali a Kano ya tallata masa babba mai aiki da iskar gas, na hannu, wai daga Amurka aka sauke shi, kuma ya ce masa gas ya fi araha nesa ba kusa ba. Ya saya ko ya bari?

Alhaji, kafin a yi zancen kuɗi, koma ka tambayi dillalin wane gas yake nufi. A bakin mutanen Kano "man gas" shi ne gazuwal ɗinmu, iskar gas kuwa iri biyu ce. Akwai ta bututu, wadda ake ja daga rijiya, akwai kuma ta tukunya irin wadda ake girki da ita. Yawancin manyan injinan nan don ta bututu aka ƙera su, mu kuwa ba mu da bututun gas a Maraɗi. Wanda Najeriya ke shimfiɗawa daga Ajakuta ma a Kano zai tsaya. Abin da za ka samu shi ne gas na tukunya irin wanda matatar SORAZ ta Damagaram ke fitarwa tun 2011. Injin bututu ba ya shan wannan sai an sauya masa kayan haɗa iska da gas an sake saita shi, kuma ko an yi haka ƙarfinsa yakan ragu. In aka cusa masa haka nan, za ka ji yana ƙwanƙwasa daga ciki, ƙarshenta fistan ya ƙone.

Na biyu, Amurka da ya ambata ita ce ta fi tayar mini da hankali. Wutarsu Hz 60 ce, wato sau 60 take kaɗawa a daƙiƙa, tamu 50. Ka sa a ɗauko maka hoton farantin da ke jikin injin. In ba ka ga Hz 50 da volt 400 ba, ka yi masa godiya ka wuce.

To, mu zo kan lissafi. Inji mai kVA 100 abin da zai iya ba ka bai wuce kilowat 80 ba. A ce ɗakin sanyinka na jan 60. Gurup na gazuwal zai sha wajen lita 17 zuwa 18 a awa, na gas kuwa wajen kilo 20. Ka ga ke nan kusan kilo ɗaya ne a madadin lita ɗaya. Ɗauki farashin kilo a ƙofar gidanka, haɗe da kuɗin mota, ka jera shi da na lita. In ratar ba ta taka kara ta karya ba, babu ribar da za ta biya maka tanki da bututu da kuɗin girkawa.

Tankin nan shi ne abin da dillalai ba sa son a taɓo. Kilo 20 a awa yana nufin tukunya mai kilo 12 ba za ta kai minti 40 ba. Ba ma za ta kai can ɗin ba, domin in aka ja gas da sauri tukunya takan yi sanyi har raɓa ta daskare a jikinta, gas ya daina fita, inji ya mutu alhali da sauran gas a ciki. Sai dai babban tanki a fili, nesa da bango da wuta, da mota mai zuwa ta cika shi. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake bi ya taru a rami ko kwata, don haka ba a girka tankin a ɗaki rufe. Wa zai riƙa kawo maka, sau nawa a wata, kuma me zai yi ranar da gas ya yi wuya a gari mata na yawo da tukwane? Ka samu wannan a rubuce. Gazuwal ko yaya aka yi ka aiki yaro da jarka ya samo.

Akwai kuma abin da ake kira injin jiran ko-ta-kwana, wanda ba a tayarwa sai an ɗauke wuta. A ƙa'idar masu ƙerawa, awa 200 kacal a shekara aka yanka masa. Kai ka san layinmu daga Katsina yake zuwa, kuma ba ka manta da Agustan 2023 ba, da Najeriya ta yanke wuta, aka yi ta fama har zuwa Maris na 2024. Ko ba wannan ba, zafin Afrilu da Mayu kaɗai ya isa ya cinye awa 200. Ka nemi wanda aka rubuta an yi shi don dogon aiki. Ka kuma bar sarari a ƙarfinsa: lambar da ke jikin faranti a yanayi mai daraja 25 aka auna ta, mu kuwa muna haura 40, sannan injin sanyi yakan ja wuta ninki biyar ko shida a lokacin tashi. Kada yaranka su tayar da injinan sanyin gaba ɗaya, a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kulawa ba ta da wani sirri. A juye baƙin mai duk awa 250 ko yadda littafinsa ya ce, a duba buji, tunda na gas da buji yake tashi kamar mota mai fetur. Da hunturu a riƙa buɗe matatar iska kowane mako, ƙurar da za ka kakkaɓe za ta ba ka mamaki, a kuma hure lagireto. A tayar da shi rabin awa duk mako da kaya a kansa ko da akwai wuta, domin yawancin ranar da gurup ya ƙi tashi batir ne. Mahaɗar bututu kuwa ruwan sabulu ake shafa mata a ga ko za ta yi kumfa, ban da ashana.

Da ni ne kai, Alhaji, ba zan ba da ko dala ba sai na ga farantin, na riƙe takardar mai kawo gas, na kuma zauna da makaniken da ya taɓa kwance irinsa a nan garin, ba wanda sai an ɗauko daga Kano ba. Tsohon naka kuma kada ka sayar. Kai shi a yi masa gyara na sosai, a duba allurar mai da famfo, ka sake auna shansa na mako biyu, sannan ka aiko mini da lambobin mu sake zama.