Amsa ga Kawu kan furannin bakin hanya

Kawu, barka da damina. Kun tambaya me ya sa Hausawan Manchesta muke ta ɗaukar hoton ciyawa muna turowa gida.

Nan daga Nuwamba har Fabrairu itatuwa tsirara suke, a Disamba kuwa kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi. Duk wanda ya sha wannan duhun, ranar da ya ga furen farko ya huda ƙasa dole ya tsaya. Wani ɗan fari ne ke fara leƙowa tun sanyi bai saki ba, kansa a sunkuye kamar amarya. Sai dandaliyan, rawaya kamar ƙwanduwar ƙwai, har a tsagar kwalta yake fitowa. In ya bushe ya zama farin gashi buzu-buzu, yara su yi ta hurawa, yadda muke yi da audugar tumfafiya a bayan ganuwa. Ƙarshen Afrilu kuma bulubel ya rufe gindin itatuwa, shuɗi kamar an malalar da ruwan karofi.

Ran Asabar mukan fita iyali-iyali da filas ɗin shayi. Yara ne malamanmu, don a makaranta suke koyon sunayen. Wanda ya gagare su a haska masa waya ta faɗi sunansa. Ba ma tumɓukewa, domin dokar 1981 ta hana cire tsiron daji da saiwarsa ba da izinin mai fili ba. A watan Mayu wasu maƙwabta kan bar ciyawar ƙofar gida ba yanka, saboda ƙudan zuma. Wannan ya daɗe bai kwanta mana ba, mu da muka tashi ana share tsakar gida fes don tsoron maciji.

Amma halinmu na nan. Matanmu in sun ga tsiro, tambayar farko ita ce, ana miya da shi? Haka suka gano tafarnuwar daji, yanzu har a ƙwai ake soya ta.

Abin da ke damuna, shekara nawa na yi ina cin kwaɗon tafasa a Tudun Wada, ban taɓa durƙusawa na dubi furenta ba. In kun bi ta bakin kogin Kubanni, don Allah ku sa yara su ɗauko min hotonta, da na duman kada. Wuta-wuta ma a ɗauko min hoton furenta kafin ku cire ta daga cikin dawa.