Tambaya da Amsa: Faransanci Zan Karanta ko Aikin Jarida?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare a garin Kumo, Jihar Gombe, kuma tun ina ƙarama nake da burin a ji muryata a ɗaya daga cikin gidajen rediyon ƙasashen waje da ke watsa shirye-shirye da Hausa. Lokacin cike fom ɗin JAMB ya ƙarato, amma na rasa abin da zan zaɓa tsakanin aikin jarida da Faransanci, wanda nake so ƙwarai. Mahaifina ya ce Faransanci ba ya kai mutum ko'ina sai aikin koyarwa. Ina neman shawararka.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi wa karatunki albarka. Shawarata ita ce ki ɗauki Faransanci, matuƙar kin rubuta shi a jarrabawar kammala sakandare kuma sakamakon ya yi kyau, domin jami'o'i da dama sukan nemi hakan, don haka ki fara duba littafin ƙa'idojin JAMB kafin ki cike komai.

Dalilina shi ne, aikin jarida sana'a ce da ake iya koyo a bakin aiki, amma harshe ba ya zama a baki sai an ba shi shekaru. Wanda ya karanta Faransanci zai iya ƙara difiloma ta gaba da digiri a fannin jarida cikin shekara guda ko ɗan abin da ya fi haka, alhali wanda ya karanta jarida ba zai iya mallakar Faransanci cikin wannan ɗan lokaci ba. A tsarin jami'o'in Najeriya, ɗalibin Faransanci yakan yi shekararsa ta uku a Ƙauyen Faransanci da ke Badagry a Jihar Legas, wanda aka kafa a 1991, inda ake sa ɗalibi ya yi magana da harshen a aji da wajen aji, kamar yadda ɗaliban Larabci suke da nasu ƙauyen na Ngala a Jihar Borno. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen Faransanci mai tsohon tarihi. Idan kin gama, ki nemi takardar DELF, wato shaidar ƙwarewa a Faransanci, a ɗaya daga cikin cibiyoyin koyar da Faransanci na Alliance Française, ta Kano ko ta Jos, domin ita ce shaidar da ake ganewa a ƙasashen waje.

Ba ina rena karatun jarida ba ne. A 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta rarraba kwas ɗin zuwa fannoni bakwai, har da watsa labarai, hulɗa da jama'a, tallace-tallace da kuma fim, kuma Jami'ar Bayero ta Kano tana da tsangaya guda ta sadarwa. Kusa da ke ma, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi tana koyar da shi. Idan Faransancin bai samu ba, wannan hanya ce mai kyau.

Akwai abin da ba ki ambata ba a wasiƙarki, kuma shi ne jarinki na gaskiya: Hausa. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, na Deutsche Welle da na rediyon ƙasar Sin a 1963, na Muryar Amurka a 1979, na RFI kuma a 2007, kuma abin da dukkansu suke bukata shi ne mutumin da zai karɓi labari da wani harshe ya mayar da shi Hausa cikin mintoci kaɗan, ta yadda dattijon da ya kara rediyo a kunne a teburin mai shayi zai fahimta ba tare da ya tambayi na kusa da shi ba. Na taɓa zama a ɗakin labarai na wani gidan rediyo a Bauchi, saura minti goma a shiga labarai, aka miƙa wa wani matashi mai digiri takarda da Turanci ya fassara. Da ya dawo da ita, sai ga shi ya rubuta cewa gwamna ya karya ƙasa domin gina asibiti. Wani tsohon ma'aikaci da ko jami'a bai je ba ya karɓi biro ya soke, ya rubuta cewa gwamna ya aza harsashin ginin asibiti. Turancin yaron ba shi da laifi, Hausarsa ce ta gaza. Saboda haka tun yanzu ki sayi littafin rubutu, kullum ki fassara labari ɗaya, ki karanta wa Inna ko Kaka a tsakar gida, duk inda suka ce "me kika ce?", nan ne gyara yake. Ki kiyaye ƙa'idojin rubutu, musamman ɓ da ɗ da ƙ da rabon kalmomi. A lokacin hutu kuma ki nemi izinin koyon aiki a ɗaya daga cikin gidajen rediyon Gombe, ko da kuwa ɗaukar rakoda za ki riƙa yi wa masu zuwa kasuwa jin farashin hatsi.

Dole in gaya miki kuma cewa waɗannan gidajen rediyo ba su da tabbas irin na da. BBC ta rufe rediyonta na Larabci a farkon 2023 bayan shekara 85, sannan a watan Maris na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan ma'aikatan Muryar Amurka. Mai harsuna uku ba ya rasa madafa idan irin wannan ta faru, domin ƙungiyar ECOWAS, wadda hedikwatarta ke Abuja, tana aiki da Turanci da Faransanci da harshen Fotugal, kuma ƙungiyoyin agaji da ke yankin Tafkin Chadi suna hulɗa da Nijar da Chadi da Kamaru, inda takardun hukuma da yawa da Faransanci suke.

Game da Baba kuwa, kada ki yi jayayya da shi, domin abin da ya gani ya faɗa, kuma koyarwa ba abin kunya ba ne. Ki kai masa wannan shafi ya karanta, ki kuma roƙi malaminki na Faransanci ya je gida ya gaishe shi, su tattauna a zaure, tun kafin a rufe sayar da fom.