Za mu je kallon wasan mawaƙinmu a Landan: ta ina za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, ina sayar da yadi a Kantin Kwari. Mu bakwai ne da son waƙoƙin wani mawaƙin Najeriya ya haɗa mu abota, kuma mun ji sanarwar cewa zai yi wasa a zauren O2 da ke Landan nan da wata biyar. Mun shekara muna zuba adashi saboda irin wannan tafiya, kuɗin kuma yana asusun mutum ɗaya daga cikinmu. Babu wanda ya taɓa zuwa Ingila, sai dai uku sun yi Umara, ni kuma na je Dubai sari sau biyu. Wani ejan ya ce mu damƙa masa komai, shi zai samo tikitin shiga, ya yanki na jirgi, ya kuma zuba wa kowa kuɗi a asusu na 'yan kwanaki domin takardar banki ta yi kyau wajen neman biza. Shin mu amince masa? Ta ina ya kamata mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zan fara da maganar ejan, domin ita ce ta fi tayar mini da hankali a duk cikin wasiƙarka. Kada ku yarda wani ya zuba muku kuɗin aro a asusu. Jami'in da zai duba takardunku ba jimillar da ke ƙasan takardar banki kaɗai yake kallo ba, yana bin shige da ficen kuɗin ne wata bayan wata, yana kwatanta shi da sana'ar da mutum ya ce yana yi. Idan asusun da ya saba juya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ya wayi gari da miliyoyi mako biyu kafin neman biza, kuma babu bayanin inda suka fito, wannan kaɗai ya isa a ƙi mutum. Idan kuwa aka tabbatar da cewa an yi yaudara ko an shigar da takardar jabu, dokar shige da fice ta Birtaniya ta ba da damar hana mutum shiga ƙasar har na tsawon shekara goma, kuma hukuncin a kan mai fasfo yake sauka, ba a kan ejan ba. Na taɓa zama da wani matashi da hakan ta faru da shi. Ya shimfiɗa mini takardar ƙin amincewar a kan tebur yana rantsuwa cewa bai taɓa ganin takardar shaidar aikin da aka saka a cikin fayil ɗinsa ba, na kuma yarda da shi, amma babu abin da zan iya yi masa, domin shi ne ya amince da cewa duk abin da ke cikin takardun gaskiya ne.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, ko da yake tare za ku tafi, bizar ba ta ƙungiya ba ce. Kowane ɗayanku zai nemi bizar ziyara ta kansa, wadda take ba da izinin zama har wata shida, kuma za a auna shi da ma'auninsa shi kaɗai: yana da abin da zai ɗauki nauyin tafiyarsa, kuma yana da dalilin da zai dawo da shi gida? Tikitin wasa yana nuna dalilin zuwa ne kawai, ba ya amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi biyu. Saboda haka kuɗin adashin da kuka tara a asusun mutum ɗaya yana iya zama muku cikas ta fuska biyu, domin shi mai asusun zai bayyana da kuɗin da ya fi ƙarfin sana'arsa, sauran shida kuma za su bayyana kamar ba su tanadi komai ba. Shawarata ita ce ku raba kuɗin tun yanzu, kowa a mayar masa da kasonsa ta banki, sannan kowa ya rubuta ɗan taƙaitaccen bayani cewa wannan kuɗi zubinsa ne na adashi, ya haɗa da shaidar turawar da ya riƙa yi a baya. Adashi ba abin kunya ba ne, kuma ba laifi ba ne, abin da ake bukata shi ne a iya bin sawun kuɗin. Doka ba ta yanke wani adadi da dole sai an gani a asusu ba, abin da ake dubawa shi ne ko kuɗin tafiyar ya yi daidai da samun mutum. Kai da kake da shago, takardar rajistar kasuwancinka, da shaidar biyan haya ko haraji, da takardun iyali, da hatiman zuwanka Dubai da dawowarka a kan lokaci, sun fi duk wani kuɗin aro daraja.

Sai kuma tsarin kashe kuɗi, wanda a nan ne masu irin wannan tafiya suka fi yin asara. Ku fara da tikitin wasan, tunda shi ne mai saurin ƙarewa. Bayan shi sai biza. Ana iya nema tun saura wata uku a yi tafiya, amsa kuma kan fito cikin kimanin mako uku bayan an ɗauki hoton yatsu a cibiyar karɓar takardu da ke Abuja ko Legas, don haka ku nema a makon farko da damar ta buɗe. A watan Afrilun 2025 an ƙara kuɗin wannan biza daga fam 115 zuwa fam 127, sai ku duba farashin ranar da za ku biya a shafin gwamnatin Birtaniya, kuma ku sani cewa ba a mayar da kuɗin idan an ƙi mutum. Tikitin jirgi da kuɗin masauki su ne na ƙarshe, kada kowa ya biya su sai bizarsa ta fito. Mutane da yawa suna zaton yankar tikitin jirgi yana ƙarfafa neman biza, alhali kuwa jagorar da hukumar bizar Birtaniya ta wallafa da kanta ta lissafa shaidar kama jirgi da ta otal a cikin takardun da ba ta bukata daga mai zuwa ziyara. Ejan da ya matsa muku ku yanki tikiti bakwai kafin biza, ladan da zai samu yake dubawa. Ku kuma zauna tun yanzu ku yi magana ta gaskiya a kan abin da za a yi idan biyar sun samu biyu sun rasa, domin hakan na faruwa, kuma abota takan yi tsami a kan kuɗin da ba a yi yarjejeniya a kansa ba.

Game da tikitin shiga, ku saya da kanku daga kamfanin da zauren ko mai shirya wasan ya ayyana. Na zauren O2 galibi ta manhajar AXS ake ba da su, kuma ba takarda ba ce, lamba ce a cikin waya wadda take sauyawa kusan kowane minti, saboda haka hoton tikitin da wani zai turo muku ta WhatsApp ba zai buɗe muku ƙofa ba. Idan mutum ɗaya ne ya saya wa sauran, to ya tura wa kowa nasa zuwa asusunsa na manhajar tun kuna gida, kowa ya buɗe ya gani da idonsa. Ina nanata wannan ne saboda abin da ya faru ranar 15 ga Disamba, 2022, a zauren Brixton Academy da ke kudancin Landan, a daren ƙarshe na wasannin mawaƙin Najeriya Asake. Jama'a sun yi cincirindo a waje, cikinsu har da waɗanda ba su da tikiti, aka danna ƙofa, aka tattake mutane, har mutum biyu suka rasu, wata mai kallo da ɗaya daga cikin masu tsaron wurin. An rufe zauren, bai sake buɗewa ba sai a watan Afrilun 2024. Duk wanda ya ce muku ku je kawai, a bakin ƙofa za a san yadda za a yi, ba masoyinku ba ne. Idan kuma kun isa kun tarar da turereniya, ku ja da baya ku tsaya gefe, ko da hakan zai sa ku rasa farkon wasan.

Wani abin da ya kamata ku sani shi ne, idan aka soke wasan, wanda ya saya ta halastacciyar hanya ana mayar masa da kuɗin tikitinsa, amma babu mai biyansa kuɗin jirgi da na masauki. Don haka ku kama masaukin da ake iya fasawa ba tare da tara ba, ku kuma tsara tafiyar ta yadda za ta yi amfani ko da wasan bai yiwu ba. Ku sauka aƙalla kwana biyu kafin ranar, domin daga Kano sai kun biyo ta Abuja ko Legas, inda tafiyar kai tsaye take cin sa'a shida da wani abu, ko kuma ku yada zango a wata ƙasa, kuma jinkirin jirgi ɗaya ya isa ya ɓata komai. A filin jirgi kowa zai amsa tambayoyin jami'i da bakinsa, saboda haka kowa ya san sunan masaukinsa, da ranar wasan, da ranar komawarsa, ba wai ya nuna shugaban tafiya ba. Bizar ziyara ba ta halatta aiki ba, kuma idan akwai wanda yake da niyyar maƙalewa a cikinku, gara ku gane tun yanzu, tunda takardar nema tana tambayar waɗanda mutum zai yi tafiya tare da su.

Ranar wasan, jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Jubilee ne zai kai ku tashar North Greenwich. Da kun hauro daga tashar za ku ga ginin a gabanku, wata ƙatuwar farar rumfa mai kama da akushin da aka kife, da dogayen turaku goma sha biyu masu ruwan ɗorawa sun huda ta sun miƙe sama. Zauren da ke cikinta yana ɗaukar mutum kusan 20,000. Ba a karɓar tsabar kuɗi a cikin zauren, motocin bas na birnin ma sun daina karɓa tun 2014, don haka kowa ya tanadi katin da yake aiki a waje, ya gwada shi kafin ranar, ko ya sayi katin Oyster domin sufuri. Ba a shiga da jakar da ta wuce girman takardar A4, kuma ana binciken kowa a ƙofa. Wayarku ita ce tikitinku, saboda haka ku cika ta da caji, ku rage ɗaukar bidiyo a hanya. Ana sayar da giya a irin waɗannan wurare, ina faɗa ne domin kada abin ya zo muku a ba-zata. Ku kuma lura da lokutan salla, domin a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Landan sai bayan ƙarfe tara na dare, lokacin da wasa ya yi nisa, a Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi, kuma wanda ya fita daga zauren ba a barinsa ya koma. Ku tambayi malaminku sauƙin da aka yi wa matafiyi tun kafin ku tashi.

Galibi ana tashi ne wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, dubban mutane kuma su nufi tasha ɗaya a lokaci guda, wayoyi su ƙi shiga saboda cunkoso. Tun da rana ku zaɓi wuri ɗaya a wajen ginin, ku je ku tsaya a kansa ku bakwai domin kowa ya shaida shi, ku ajiye magana cewa duk wanda ya ɓace a nan zai jira. Kowa kuma ya rubuta adireshin masauki a takarda ya sa a aljihu. Layin Jubilee yana kwana yana aiki a daren Juma'a da na Asabar, amma idan wasan ya faɗo a wata rana daban, ku duba lokacin jirgin ƙarshe kafin ku shiga zauren.