Amsa ga uwar jaririn da aka yi wa kuskuren magani

'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah Ya ba shi lafiya. Kin ce an ɗura wa jaririnki maganin cutar kansa (ciwon daji) fiye da ƙima saboda an rubuta nauyinsa ba daidai ba, kina tambaya ko ki cire shi daga asibiti ki koma na gargajiya. Don Allah kada ki cire shi.

Ni ma na yi wata uku a kan tabarma kusa da gadon 'yata mai kansar ƙoda, kullum maigidan na kawo mana koko daga Kurna. Wata rana na ga ana shirin ɗaura mata ruwa mai sunan wata yarinya, na ƙwala wa nas kira jikina na rawa. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Maganin nan yana karya garkuwar jiki, ƙwayoyin jini sun fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an ba shi. Ki sayi ma'aunin zafi a kemis. Da zarar zafin jikinsa ya kai 38, ko kika ga jini a dasashi ko gyambo a baki, ki tari adaidaita zuwa asibiti ko da tsakar dare ne. Kada ki fara ba shi farasitamol, yana ɓoye zazzaɓi.

Ki nemi babban likita ya gaya miki sunan maganin da adadin da aka ba shi, ki rubuta. Duk zuwa a auna nauyinsa a gabanki. Babansa ya kai koke a rubuce ga shugaban asibitin, in aka yi burus, hukumar kula da aikin likita ta Najeriya, wato MDCN, ce ke binciken likitoci.